Dutsen da Ya Matso Kusa

Shekara talatin Mai Fenti yana zana labulen da ake ratayawa bayan mutane a shagon hoto. Mutum zai zauna a ɗaki mai faɗin tabarma biyu, hoto ya fito kamar yana bakin kogi, ga duwatsu jere har inda ido ya gaza.

Sirrin ba wani babba ba ne, ko da yake shi yakan faɗe shi kamar gadon kaka da kakanni. A cewarsa, gwargwadon nisan abu, gwargwadon yadda iska ke shanye masa launi. Don haka dutsen kusa yakan yi shi baƙi-baƙi, na bayansa ya ƙara farin fenti cokali guda, na can ƙarshe kuwa shuɗi-shuɗi, da ƙyar ka raba shi da sararin sama. Matarsa takan tsokane shi, wai mutumin da ko tsani yake tsoron hawa shi ne sarkin duwatsu.

Sai yanar ido ta kama shi a hankali. Bai sani ba, ko kuma ya ƙi sani. Komai ya dusashe masa, ya ɗora laifin kan fentin zamani, ya riƙa rage fari yana ƙara launi har dutsen nesa ya fito masa raɗau. A idonsa daidai ne. A hoto kuwa, dutsen ya taho ya zauna a kafaɗar mutane.

Mai Hoto, ɗan tsohon amininsa, shi kaɗai ya rage yana ba shi aiki. Ranar da ya kai masa sabon labule, Mai Hoto ya daɗe yana kallo.

"Ya yi dai ko, ɗana?"

"Ya yi, Baba. Allah ya ƙara basira."

Mai Fenti ya koma gida cike da murna.

Bayan wata biyu 'yarsa ta matsa sai ya je asibiti, can kuma aka nemi ƙaramin hoto na kati. Ya je shagon, aka zaunar da shi gaban wani farin ƙyalle. Garin gyara zama ya kai hannu baya, yatsunsa suka shiga ta gefen ƙyallen, ya ji kaushin busasshen fenti. Labulensa ne, an juya fuskarsa bango. Kunya ta rufe shi, ya sunkuyar da kai.

"Baba, ɗago kaɗan," in ji Mai Hoto.

Ya ɗago.