Ƙasar Waje Ba Tamu Kaɗai Ba Ce

Har gobe ban manta ranar da kwamitin zauren gwanaye ya zauna kan maganar Kawu Isufu ba. A lokacin ni ce sakatariya a cibiyar wasanni ta unguwarmu, Morris Heights da ke yankin Bronx, shekarar da muka sake buɗewa bayan korona.

Ku sababbin ma'aikata, ku sani, zauren gwanaye ɗaki ne da muke rataye hotunan waɗanda suka yi fice a ƙwallon kwando. Mutum ɗaya ake shigarwa duk shekara. Kwamiti ke zaɓe, darakta ke shugabanta, sakatariya tana da baki amma ba ta da ƙuri'a. Ƙa'idar kuwa, abin da mutum ya yi a Bronx kawai ake dubawa.

Kawu Isufu mutumin Damagaram ne. Ya yi wa Nijar wasa da ƙuruciyarsa, a nan kuma ya tsufa yana koyar da yaranmu. Ƙarshen shekarar zai koma gida gaba ɗaya, ka ga in bai shiga a lokacin ba, shi ke nan.

Ni ƙa'idar nan ta daɗe tana ci mini rai. Na miƙe na ce wa darakta, "Yallaɓai, wanda ya sa rigar ƙasarsa, wasan yara ya yi? Ko kwandon Afirka ya fi naku faɗi?" Wani tsohon alƙalin wasa ya ce zauren na unguwa ne, ba na duniya ba. Na ce ya leƙa titi ya gaya mini wace ƙasa ce babu a unguwar. Aka yi dariya, aka jefa ƙuri'a, aka amince a riƙa haɗawa da nasarorin waje. Wallahi har da rangaɗa guɗa a zuciyata.

Sai ma'aji ya ce, "To, in haka ne, Madam Rosa fa?"

Wata 'yar Dominika ce mai koyar da 'yan mata. Ashe ta yi kyaftin ɗin ƙasarta, har da lambobin gasar nahiyarsu. Ni duk lokacin da na ce "waje", gidanmu nake nufi. Ban taɓa kawowa wasu ma suna da nasu wajen ba.

Ita aka zaɓa. Innalillahi! Da muka fito, darakta ya ce mini a hankali, "Hadiza, da tsohuwar ƙa'ida, Isufu ba shi da abokin takara bana."

Na tarar da Kawu a fili yana tara ƙwallaye a raga. Na gaya masa yadda aka yi. Ya ce, "Rosa ta cancanta, na san hannunta. Amma ɗiyata, wasan Nijar ai 'yan Nijar sun gani. Na nan ɗin nake so a tuna. Da kin tambaye ni."

Ya tafi gida babu hotonsa a bango.

Ƙa'idar tana nan, kuma har yau ina ganin daidai ce. Sai dai a aikin nan, kafin ku tsaya wa mutum a gaban kwamiti, ku je ku zauna da shi tukuna. Ni na yi masa faɗan da bai aike ni ba.