Ranar da Na Zaɓi Babbar Mota

Na manta abubuwa da yawa na ƙuruciyata, har da fuskokin wasu da muka ci tuwo a kwano ɗaya, amma ranar da maciji ya sari yayana ba za ta taɓa fita daga raina ba. Ba sarar macijin ce take damuna ba. Abin da na faɗa da bakina a ranar shi ne har yau yake hana ni sakat.

Shekarun nan ne da gyaɗa take ci, kafin Faransawa su tafi. In ka cire motar kumandan, wato Baturen mulki, da manyan motocin kwasar gyaɗa, motocin gida biyu ne kacal a Matameye, kuma duk sun kwana biyu. Ɗaya ta wani Alhaji ce mai sayen gyaɗa, baƙa, ƙirar Amurka, ya sayo ta a Kano. Injinta mai buji shida ne, wato filogi shida, in ta tashi har ƙasa take girgizawa. Ɗayar ta wani Malam ce, tsohon tafinta da ya ajiye aiki, ƙarama, ƙirar Faransa, buji huɗu, ya saya wurin wani Bature da zai koma gida. Sai an juya ta da hannu take tashi, kukanta kuwa kamar keken ɗinki.

Ni nake gyara su duka biyun. Rani huɗu na yi a wani gareji a Kano, na dawo ina ji da kaina, kuma duk inda gardamar motocin nan ta tashi, ni ake nema in raba. Ni kuwa kullum maganata ɗaya ce: babbar ita ce mota, ƙaramar abin wasa ce. Na faɗa a kasuwa, na faɗa a ƙofar masallaci, har maganar ta zama tawa.

Wata ranar kasuwa da rani aka ce a gwada su zuwa Ɗan Barto a dawo. Ni na tuƙa ta Alhaji. Sai da muka dawo, na sha ruwa, na wanke fuska, sannan Malam ya ƙaraso. Aka yi ta ihu. Abin da ba wanda ya lura da shi shi ne, a wani ɗan yashi da muka ratsa, allurar zafin injin ta haura, kuma da na kai motar bayan gida na buɗe gabanta, ruwan injin tafasa yake. Na jira ta huce, na ƙara ruwa, na ja bakina. Na taɓa ta Malam kuwa, da ɗumi kawai. Daga baya Malam ya tare ni ya ce, "Ɗan nan, kai ka san cikinsu. In hanya ta yi tsawo kuma ta yi yashi, wacce za ta kai?" Na yi dariya na ce, "Malam, ai ka gani da idonka."

Damina ta faɗi. Wata safiya yayana yana noman maimai a gonar gero, ya taka macijin nan da ake kira kasa, ta sare shi a idon sawu. Kafin a kawo shi gari a kan jaki, ƙafar ta fara kumbura. Ma'aikacin ɗan asibitin garinmu ya wanke wurin ya ɗaure, ya ce allurar dafin ba ta nan, sai Damagaram, kuma kada mu tsaya komai.

Kafin mu nema, Alhaji da Malam kowa ya fito da motarsa ƙofar gidanmu. Mutane suka taru. Inna ta kama hannuna ta ce, "Kai ne ka san su. Wacce za mu shiga?"

Wallahi na san amsar. Shekaranjiya aka yi ruwa, hanyar nan rabi yashi ce rabi taɓo, tafiya ce ta ƙaramin giya, kuma na ga abin da ƙaramin giya yake yi wa babban injin nan. Amma na ɗaga kai na ga mutanen da suka sha jin bakina a kasuwa suna kallona. Na ce a raina, ai tana da gudu, in na cika galan da ruwa za mu kai kafin ta yi zafi. Na ce, "Ta Alhaji."

Malam bai yi musu ba. Ya ce, "To, ku hanzarta. Ni ma ina da ɗan saƙo a Damagaram, zan biyo ku a hankali." Sai bayan shekaru na gane ba shi da wani saƙo.

Har Kance motar nan kamar tana tashi sama. Alhaji yana gefena yana cewa madalla, Inna tana baya ta ɗora kan yayana a cinyarta. Da muka wuce Kance muka faɗa yashi, na sauko da giya, idona ya kasa barin allurar zafin nan. Ta haura, ta ƙara haurawa, sai tururi ya rufe gilashi. Na tsaya. Ba a zuba ruwa a inji mai zafi haka, dole a jira, kuma ban taɓa jira mai tsawo irin wannan ba. Na zagaya motar, na leƙa yayana, na koma na taɓa ƙarfen ya ƙona ni, na sake zagayawa. Muka tashi, ba mu yi nisa ba ta sake. Ruwan galan ya ƙare, na ruga wani tafki da ƙwarya, na je na dawo sau uku. A tsayawa ta uku na zaro ma'aunin mai na ga man ya yi fari kamar nono. Ruwa ya shiga cikin injin. Ta mutu ke nan.

Rana ta take. Kumburin ya wuce gwiwa, ƙafar ta yi baƙi tana sheƙi. Yayana ya buɗe ido ya ce, "Ƙanena, kai-komon nan naka yana sa ni jiri. Zauna mana." Na kasa zama. Na ja Alhaji gefe na faɗa masa abin da na gani ranar gwajin Ɗan Barto. Ya dube ni ya ce, "Mota tawa ce, amma ƙafar ba tawa ba ce. Ba ni za ka faɗa wa ba." Ya juya ya hau wani tudu yana duban hanyar da muka fito.

Shi ya fara jin kukan keken ɗinkin nan. Malam ya ƙaraso, bai ma kashe injin ba, ya fito ya ce, "Ku sa shi baya. Ɗan nan, karɓi sitiyari, ka fi ni hannu." Alhaji ya ce mu tafi, shi zai tsaya da motarsa.

Ƙaramar ba ta da gudu, in na taka sai dai ta ƙara kuka. Amma ba ta da nauyi, yashin da ya cinye babbar ita bisa kansa take bi, allurarta ko motsi ba ta yi ba. Sau ɗaya ta kasa, a wata korama kafin Takeita, inda ƙarfinta bai isa ya fitar da ita daga taɓo ba. Wasu manoma suka ajiye hauya suka turo mu. Bayan la'asar muka shiga Damagaram.

An ceci ran yayana. Ƙafar ce ba a ceta ba, bayan kwana shida aka yanke ta ƙasa da gwiwa. Malam ne ya yi mana tafinta, kuma da likitan ya yi wata magana yana nuna agogonsa, Malam bai fassara ba. Ban tambaya ba, don na fahimta.

Sai da kaka ta yi, muna zaune yana koyon tufkar igiya tunda noma ya gagare shi, na faɗa masa komai. Ya ci gaba da murza kabarsa, can ya ce, "Abin da Allah ya rubuta ne. Amma da ka faɗa wa Inna gaskiya da ta tambaye ka." Bai ƙara tada maganar ba har ya bar duniya, kuma gonarsa ni na noma masa ita duk tsawon shekarun.

Na yi shekara arba'in ina gyaran mota bayan wannan, an tambaye ni wane inji ya fi wanne ba adadi. Ban ƙara amsawa ba sai na tambayi hanyar da za a bi da abin da za a ɗauka. Abin da ranar ta koya mini shi ne, in ka ga aibi a abin da ka yaba, ka faɗa tun ana zaune lafiya. Kunyar janye magana ta yini ɗaya ce. Ni na guje ta, wani ya biya da ƙafarsa.