Batir Mai Rabin Rai

Har yau idan na ratsa kasuwar Bodinga ba na duban inda rumfar mai kaset take a da, ko da yake yanzu albasa ake tarawa a wurin. Na ji an ce mutumin ya rasu, an kuma ce in yafe masa. Ban yafe ba tukuna.

A zamanin mulkin farar hula na biyu shi kaɗai ke buga kaset tsakanin Bodinga da Shagari. Rakoda biyu gare shi, ya haɗa su da waya, ɗaya na faɗa ɗaya na ɗauka. Wa'azi, waƙoƙin fada, na siyasa, duk yana bugawa. A ƙarƙashin tebur kuma yana da kwali na kaset ɗin Turawa masu kiɗan rok, irin waɗanda wani ya ɓoye rakoda cikin taro ya ɗauka, aka yi ta kwafi hannu zuwa hannu har suka iso mu. Ihun 'yan kallo ya fi waƙar fitowa. Yayana kaɗai ke sayen su, shi da abokansa biyu na kwalejin horon malamai da ke Sakkwato.

Yaya yana da jita, kuma Allah ya ba shi kunne. Shi ya fara kama mutumin. Ya sayi kaset biyu na wasa guda, ya saita tsirkiyarsa da na farko, da ya sa na biyu sai jitar ta ƙi shiga. Ya zaunar da ni ya ce in saurara. Mawaƙi ɗaya, waƙa ɗaya, amma a wannan muryarsa ta haura sama, a wancan ta yi ƙasa kamar mai mura. Ya bayyana mini: idan batirin rakoda mai ɗauka ya yi sanyi, zaren kaset yana tafiya a hankali, in ka zo ka sa shi a lafiyayyar rakoda sai ya ruga, murya ta siranta; in kuwa na mai faɗa ne ya yi sanyi, sai ta yi ƙasa. Mai kaset ya san haka sarai. Rowa ce kawai, ba ya canza batir sai ya mutu murus.

Yaya ya yi masa magana, ya ce, "To mi na na ciki? Ihu na dai, ko sama ko ƙasa." Yaya dariya ya yi, har ya koma yana rubuta wa kowane kaset a baya: wannan ya hau, wannan ya sauka. Ni ban ga abin dariya ba tun lokacin.

Yaya ya rasu a haɗarin mota kusa da Lambara, yana dawowa hutu. Abin da ya bari bai cika akwati ba. A ciki akwai kaset guda na wasan da suka yi a kwaleji, shi ke waƙa, kuma kafin ya fara ya yi magana da Hausa, ya gai da jama'a, ya ce yana gai da Innarsa a Mandera ko da ba ta ji. Ba mu da muryarsa a ko'ina sai nan. Da hannunsa ya karya kunnuwan kaset ɗin don kada a yi kuskuren ɗaukar wani abu a kai.

Inna ba ta taɓa son jitar nan ba, amma bayan arba'in ta ce tana son ta ji gaisuwar. Ina koyarwa a firamare a Shagari lokacin. Na ga in na bar mata na asali jikoki za su tsinke shi, sai na yi wautar da har gobe nake cizon yatsa a kanta. Na kai wa mutumin nan, na ce ya buga mini kwafi. Na roƙe shi ya sa sabon batir, na ma saya na miƙa masa, a lokacin da batir ya yi wuyar samu, sai ka san wani a kanti. Ya karɓa ya ce, "Malam, kak ka damu, dawo kasuwa mai zuwa."

Na dawo, ya ba ni kaset ɗaya, irin mai arhar nan da zarensa ke naɗewa. Na ce ina na asali? Ya shiga lalube-lalube. Sai na hango shi a jerin na sayarwa, da rubutun Yaya a jiki an kankare rabi. Na fizgo. Ashe ya cusa takarda a ramukan kunnuwan, ya ɗauki waƙar siyasa a kai, gaba da baya, don kaset ne mai kyau kuma mai kyau ya yi wuya. Batiran da na sayo kuwa suna kan tebur a ledarsu, ya sa musu farashi.

Na ce, "Muryar mamaci ce ka goge!"

Ya ce, "Ai ga ta nan na kwashe maka. Mi ar rage? Maganar ba ta canza ba."

Na ɗaga rakodarsa zan buga da ƙasa, wani tela da ke maƙwabtaka da shi ya riƙe ni. Mutane suka taru suna ba ni haƙuri, ba wanda ya tuhume shi. Wani dattijo ma cewa ya yi kiɗan Turawa ne, gara da aka goge. Na tsani kasuwar nan gaba ɗaya ran nan.

Na kai wa Inna kwafin don ba ni da wani. Muka zauna a tsakar gida da hantsi, na danna rakoda. Muryar ta fito siririya, tana sauri, kamar ta budurwa mai rawar kai. Inna ta saurara har ƙarshen gaisuwar, ta ce, "Wanga ba ɗana na ba. Kashe."

Kwana uku ina juya abin, sai bayanin Yaya ya faɗo mini. In mataccen batir ne ya ɗaga muryar, batir mai rabin rai zai sauko da ita. Na bi gidaje ina roƙon tsofaffin batir na tocila, ina gwadawa ɗaya bayan ɗaya, ina auna kiɗan da jitarsa, wadda ban taɓa saitinta ba tun da ya ajiye. Da na samu waɗanda suka dace na koma Mandera.

Na danna. Muryar ta faro sama kaɗan, tana saukowa, tana saukowa, sai ga Yaya sak, da 'yar shaƙewar nan tasa, yana cewa yana gai da Innarsa. Inna ta dafa ƙasa ta ce, "Na'am. Ina amsawa."

Batirin bai tsaya nan ba. Muryar ta ci gaba da nauyi, tana ja, har ta koma ta tsoho. Na kai hannu zan kashe, Inna ta riƙe mini wuyan hannu.

Ta ce, "Bar shi. Ban samu na ji tsuhwanshi ba."