Tsaga Goma Sha Uku

Duk namijin da ya tashi a unguwar Aboabo ta Tamale kafin 'yancin kai, kansa ya taɓa shiga hannun Mutaru Wanzami. Shi ke askin suna, shi ke kaciya, in jini ya yi wa tsoho yawa shi ke kafa masa ƙaho. Dogo ne, ba ya son wargi, ga taurin kai kamar jakin fatake. Da fataken ma ya zo daga ƙasar Gobir yana saurayi, rataye da zabirar ubansa. Ayari ya wuce Salaga neman goro, shi kuwa kurkunu ya kwantar da shi a Tamale. Ya ce in ya warke zai bi su. Shekara arba'in da huɗu ke nan, har yau bai gama warkewa ba.

Wadda ta hana shi warkewa ita ce Lamisi, 'yar Dagomba mai sayar da koko a ƙofar gidan da ya yi jinya. Ya aure ta, ta haifa masa ɗa guda, Sumaila. Ranar suna, bayan aski, sai Mutaru ya zaro ƙaramar askar tsaga.

Lamisi ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Maigida, don Allah ka bar wa yaron nan fuskarsa."

Ya ce, "Ɗan Bagobiri ne. In ya ɓace a duniya, da wannan za a gane shi a mai da shi gida."

Ya zauna ya ja layukan tun daga gefen baki, shida a kunci guda, bakwai a ɗayan, irin nasa sak. Lamisi ta yi kwana uku tana fushi da shi. Shi ko a jikinsa, har kiran mutane yake su zo su ga yadda layukan suka miƙe.

Zamani ya yi ta juyawa. Turawa suka tattara, aka sauke tuta aka ɗaga wata, soja suka karɓe, soja suka miƙa wa farar hula. Mutaru bai taɓa sa kansa a ciki ba. Yakan ce ko wa ke mulki, gashi dai sai ya tsiro. Lamisi ta rasu, ya binne ta, ya koma bakin aikinsa.

Sai ga shekarar sittin da tara, ana tsakiyar azumi, rediyo ya ce sabuwar gwamnati ta kafa doka: duk baƙon da ba shi da takardar zama, an ba shi kwana goma sha huɗu ya bar ƙasa. Takarda! Mutumin da ya shigo da ƙafa tun ba a san iyaka ba, wa zai ba shi takarda, jaki? Mutaru bai ko je ofis ba. Ya gaji, gwiwa ta gaji, ya ce a kai shi Gobir ya mutu, ai ƙasa duk ta Allah ce.

Damuwarsa ɗaya, Sumaila ya zauna. A nan aka binne cibiyarsa, uwarsa 'yar ƙasa ce, Dagombanci ya fi zama a bakinsa a kan Hausa. Yana da rumfar gyaran keke a bakin kasuwa, ga matarsa Hasanatu da tsohon ciki. Kawunsa Zubeiru, ƙanin Lamisi, ya ja shi ofis. Kwana uku suna layi da ƙishirwar azumi, har aka buga masa hatimi a kan takarda cewa ɗan ƙasa ne. Mutaru ya yi hamdala, ya ce yanzu ko gobe a zo da lori.

Ashe da sauran rina a kaba. Ɗan sanda ba aljihu yake fara dubawa ba. Cikin mako guda sau huɗu ana tare Sumaila a hanya. Na huɗun ba su ma yarda su karanta takardar ba, suka zaunar da shi a rana tun hantsi har la'asar, sai da Kawu Zubeiru ya zo ya yi rantsuwa. Da ya koma rumfarsa, ya tarar da wani da suka yi makarantar allo tare yana auna ta da ƙafa, wai ya ji za a bar ta.

Ya iso gida dab da shan ruwa, ya zauna a gefen tabarmar uban, ya ajiye takardar tsakaninsu. Har ta fara yagewa wajen ninki.

"Baba, ka sa sunana a lorinku."

"Kai, Sumaila! Ba ga takardarka ba?"

"Takarda a aljihu take, Baba. Fuska kuwa a waje. Na gaji."

Bai faɗa da fushi ba, wannan ne ma ya fi ciwo. Mutaru ya dubi layukan nan goma sha uku na fuskar ɗansa, miƙaƙƙu, ba ko ɗaya da ya karkace, aikin da bai taɓa yin wanda ya fi shi kyau ba. Ya tuna muryar Lamisi daga ɗaki. Wallahi da ana ɗinke tsaga, da ya ɗinke ta da jijiyar hannunsa. Aka kira salla, koko ya huce a kwano, ba wanda ya taɓa.

Hasanatu ta sauka, namiji. Aka shirya za ta koma gidan iyayenta a Gurugu da jaririn, har Sumaila ya ga abin da Gobir za ta yi da mutumin da bai san ko hanyar rijiyarta ba. Suna ya faɗo ana gobe tafiya. Suna ne ba armashi: ga azumi, ga rabin unguwa sun ɗaure kaya, tabarmi sun fi mutane yawa.

Ashetu ungozoma ta miƙo jaririn. Mutaru ya jiƙa kan, ya aske shi tas. Tsohuwar ta gyara wa yaron kunci, ta tallafe haɓarsa, don ta san abin da ke biye. Sumaila ya kau da kai.

Mutaru ya zaro ƙaramar askar, ya duba ta, ya goge ta a gwiwarsa. Sai ya mai da ita zabira ya ɗaure.

Ashetu ta ce, "A'a, Wanzami, ka manta ne? Jikan Bagobiri fa! Ga uba zai yi nisa. In yaron nan ya ɓace, da me za a gane shi?"

Mutaru ya shafa kuncin jaririn da babban yatsa, sumul, ya miƙa mata shi.

"Kai shi wurin uwarsa," ya ce. "Gara kada a gane shi."