Godiyar da Hulda Ta Ƙi Yi

Hulda tana shan burkutu, kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba. Ranar Lahadi in an tashi daga majami'a sai ta bi ta bayan tashar jirgin ƙasa, da zanen Zumuntar Mata a jikinta, ta sha ƙwarya ɗaya a idon kowa. Na sha yi mata magana. Amsarta ɗaya ce: "Mama, ke naki a ɗaki kike sha?" Ba na sha, ta kuma sani.

Shekara goma sha tara muna maƙwabtaka a Kafanchan. Citta take saye a ƙauyuka, ta yanka, ta shanya, ta sayar. Mijinta ya rasu, 'yarta Rosemary tana aure a Kujama. Abin da ya rage mata shi ne Zumunta, inda take buga tulu in mata suna waƙa.

Da ta kusa shekara arba'in, ƙafarta ta hagu ta fara ja. Ido ɗaya ya koma gani dishi-dishi, harshe ya yi nauyi, tana tafiya tana tangaɗi. Ba wanda ya nemi dalili, tunda kowa ya san ƙwaryarta. Aka karɓe tulun, aka ce ta zauna a bencin baya sai ta tuba.

Ta daina sha, tangaɗin bai daina ba. Bayan wata biyu ya tafi da kansa. Mata suka ce an amsa addu'a. Aka sa ranar godiya, ta shiga gaba da rawa, riƙe da kaza da kwanon acca, ta ba da shaida. Da zafin Maris ciwon ya dawo, har ya taɓa hannu. Aka ce ta koma sha a ɓoye. Wannan ya fi ciwon ƙona mata rai.

"Ni da ɓoye?" ta ce mini. "Ko sharri za su yi, su yi wanda ya yi kama da ni."

Ya sake lafawa, aka sake godiya, ya sake dawowa. Daga nan wasu suka ce jifa ce daga kasuwar citta. Wasu suka daina cin abinci a kwano ɗaya da ita.

Rosemary ta kai ta wani babban asibiti a Jos, na raka su. Bayan hoton ƙwaƙwalwa, likita ya ce sunan ciwon multiple sclerosis. Garkuwar jikinta ce take cin rufin jijiyoyinta, kamar yadda ɓera ke cin robar wayar lantarki. Ya ce ba giya ta kawo shi ba, ba a ɗauka daga wani, yana lafawa yana tashi, zafi yana ƙara masa nauyi. Ba a warkewa, amma akwai magani mai rage masa gudu.

Na kai bayanin gaban Zumunta yadda na ji shi. Shugabarmu, Maman Azariya, ta ce, "Mama, wannan ai ciwon Turawa ne. Me zai kawo shi Kafanchan?" Wata ta ce ta ga Hulda tana shara jiya, mai ciwo yana shara?

Da ya lafa karo na uku, Maman Azariya ta zo sa ranar godiya. Hulda ta ce ba za ta yi ba.

"Ina gode wa Ubangiji kullum. Amma ba zan tsaya gaban mutane in ce na warke ba. Zai dawo."

"Da bakinki kike kiransa," in ji Maman Azariya, ta tashi.

An ɗauki wannan a matsayin rashin bangaskiya. Yanzu sau ɗaya a wata mata uku ko huɗu sukan zo, su tsaya a bakin ƙofa, su yi addu'ar warkewa da ƙarfi, su tafi. Sauran ranaku Hulda tana zaune a inuwa da tsumma mai ruwa a wuyanta. Ni ma ba kullum nake shiga ba, gwiwoyina ba sa bari.

Makon jiya ta ba ni saƙo in kai musu. Ta ce in sun zo su shigo su zauna, akwai kujeru. Su ba ta labarin kasuwa da na wanda ya haihu, ko gulma ce tana so. Addu'ar su yi ta a ƙarshe, in za su tashi.