Uwar Firiza Za Ta Ajiye Safar Hannu

Bakwai na safe Uwar Firiza, kamar yadda muke kiran ma'aikaciyarmu, ta riga kowa shiga ɗakin bincike na jami'a. Kafin ta ajiye jaka sai ta duba sanyin firiza, sannan ta hau faɗa, don kullum akwai wanda ya bar ƙofar a sake. Shekara ashirin da shida kenan, a watan nan kuma za ta yi ritaya.

Aikinta kula da furotin ne, irin na jikin ɗan'adam, wanda aka sa bakteriya suka ƙera. Shi muke ɗiga wa ƙwayoyin halitta mu ga yadda suke isar wa juna saƙo. Ɗan mitsitsi ne a gindin kwalba, ga rashin haƙuri: ka yi ta narkarwa kana daskararwa, ya mutu murus. Shi ya sa take raba shi cikin 'yan bututu, kowanne na amfani sau ɗaya. Mu masu karatu muna ganin ƙaƙale ne.

Ni ne shugaban masu taurin kan. Na ɓoye kwalbata, in narkar in mayar. Wata takwas ƙwayoyina ko gezau. Farfesa ya ce in babu sakamako a zangon nan, in tattara nawa-ya-nawa, digiri ya sha ruwa. Ran da Uwar Firiza ta gano kwalbar, ɗaga ta kawai ta yi, ta ga murfin ya sha hannu.

"Ɗana, sau nawa ka narkar da wannan?"

Na ce ban ƙirga ba.

"To, ruwa kake ba su."

Ta yi min tatas a gaban kowa, sannan ta ciro bututu shida daga ajiyarta. Kwana huɗu ƙwayoyin suka amsa.

Ga abin da ke ƙona min rai. Takardun bincike sun fi arba'in daga ɗakin nan, babu sunanta ko a ɗaya. Har kundina. Na gode wa Farfesa, na gode wa kamfanin da ya sayar da furotin. Kamfani fa! Da na kai mata, ta karanta shafin godiya har ƙasa, ta miƙo min, ta ce aikin ya yi kyau. Wallahi gara ta zage ni.

Inna, ke ce mai faɗa da ceto a baki ɗaya. Na gode, Allah Ya saka da alheri. Ku da kuka rage, ku koyi hannunta tun tana nan, ku rubuta sunanta. Nawa kundin an riga an ɗinke shi.