Na Je Kano Riƙe Numfashi

Daga gida

Kafin kiran assalatu na bar ƙauyenmu na bayan Dawakin Tofa, ni kaɗai. Ƙannena biyu sun ce yankan gero ya tsare su. To, gero ya fi ni. Tari ke cina tun farkon damina, likita kuma ya ce ba zai ba ni magani ba sai ya ga hoton huhuna a wani inji mai maganaɗisu da ke birni.

Acaɓa zuwa titi, sannan bas. Shekarar tsadar mai ce, aka cusa mu kamar buhunan albasa. Da tari ya taso mini kowa ya mai da fuska taga. A shingen da ke kusa da Bacirawa ɗan sanda ya leƙo, ya ji ni, ya ce wa direba ya wuce kawai. Amfanin tarin ke nan.

Kano

Mai kula da injin, wata dattijuwa, ta sa na cire zobe da laya. Ta ce huhu ba ya zama wuri ɗaya, yana kumbura yana sacewa, injin kuma a hankali yake aunawa. Sai in ja iska daidai wa daida kowane karo, in riƙe. In ƙirji ya motsa, hoto ya dagule. Da azahar za a kashe janareto, wanda bai samu ba sai wani watan.

Aka tura ni ciki a kwance, wuri matsattse, ga ƙara. Ba abin da na tuna sai kabari, na kama kalmar shahada. Sau biyu hoto yana lalacewa.

"Malam, karatu kake yi a ciki?"

"Hajiya, kin sa ni a rami, me kike so in yi?"

"Yi a zuci. Allah yana ji, injin kuma ba zai gani ba."

Na ja iska, na rufe baki, tari yana yaƙushin maƙogwarona, idona yana ruwa. Na riƙe har ta ce in saki. Likitan wurin ya duba ya ce tabo ne a huhun dama, yana jin magani.

Gida

Bayan la'asar na iso. Na kwanta a zaure, na riƙe numfashi yadda ta koya mini, ko zan ji takun mai zuwa tambayar jikina. Takun kaji kawai na ji.

Na gode wa Allah, na gode wa Hajiyar nan. Godiyar ta ƙare a nan.